Rabon Iska: Yadda Dogon Fari Ke Shanye Ruwan Kaduna Tun Bai Iso Famfo Ba

Duk mai wanki a garin nan ya san bambancin watan Agusta da watan Janairu. Cikin marka, riga sai ta kwana biyu a kan igiya, a kwashe a shigar ɗaki, a sake fito da ita, ƙarshe dai a saka ta da ɗan warin danshi. Da hunturu kuwa, kafin a gama ɗauraye kashi na biyu, na farko ya bushe ƙayau. Igiyar ita ce dai, tsakar gidan ma ita ce. Iska ce ta sauya. A marka ta ƙoshi, a hunturu ƙishi take fama da shi. Wanda ya gane wannan ya riƙe bakin zaren abin da dogon fari ke yi wa rijiya da kogi da dam.

Wani dattijo maƙwabcinmu a Rigasa ne ya sa na ɗauko zancen. Na iske shi wata safiya cikin watan Fabrairu yana ƙulla wa guga ƙarin igiya. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko ku faɗa mini. Bana ruwa ya yi, har katangu suka faɗi a layin nan. To ina ruwan ya tafi, da rijiya za ta ja baya tun rani bai yi nisa ba?" Na ce, "Baba, ai damina ɗaya ba ta biyan bashin damina biyu." Ya yi shiru, ya ci gaba da ƙullinsa. Amsar gaskiya ce, amma ta yi gajarta, kuma tambayar ta cancanci a warware ta dalla-dalla.

Sai an fara da ma'auni. Idan ka ji ma'aikatan hasashen yanayi sun ce an yi ruwa milimita ɗaya, suna nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. A kan hekta guda, lita 10,000 ke nan, wato jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25 har guda 400. Kaduna na samun kusan milimita 1,200 a shekara, wata shekara ya haura, wata ya gaza. Gida mai faɗin murabba'in mita 100 kawai, abin da sama ke zuba masa a shekara ya kai jarka 4,800. Ba a ce mana matalautan ruwa ba. Sai dai kusan dukkan wannan arziki yana sauka ne tsakanin ƙarshen Afrilu da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ajiya muke ci.

Ruwan da ya sauka hanya uku yake bi. Wani ya gangara kwata da rafi ya faɗa kogi. Wani ya nutse cikin ƙasa, shi ne rijiya ke samu daga baya. Wani kuma ya koma sama a matsayin tururin da ido ba ya gani. Mutane da yawa suna zaton wannan na ukun ɗan ƙalilan ne, alhali shi ne babban kaso. A duniya baki ɗaya, kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da ke sauka a kan tudu komawa sama yake yi, a ƙasa mai zafi irin tamu kuwa ya fi haka. Yana tashi daga fuskar tafki da jiƙaƙƙiyar ƙasa da rufin kwano, yana kuma fita ta jikin tsirrai. Kowane ganye yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai da yake buɗewa don shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan ruwan da saiwa ta jawo yake tserewa. Gonar masara a watan Yuli famfo ce da ke ɗebo ruwa daga ƙasa tana miƙa wa sama tun hantsi har la'asar. Waɗannan biyun, na fuskar ruwa da na ganye, su nake kira rabon iska.

Rabon nan ba a jayayya da shi, kuma shi ake fara cirewa. Misali mafi bayyana da na sani yana bakin kogin Nilu. A yarjejeniyar da Masar da Sudan suka ƙulla a 1959, an ƙiyasta ruwan kogin a shekara ya kai kubik mita biliyan 84. Masar ta ɗauki biliyan 55.5, Sudan ta ɗauki biliyan 18.5. Saura biliyan 10 kuma aka rubuta su a matsayin abin da zai tashi sama daga tafkin da dam ɗin Aswan zai tara. Ƙasashe biyu masu ja-in-ja a kan kowane ɗigo suka sa hannu cewa rabon iska shi kaɗai ya haura rabin abin da Sudan ta samu.

Me ke ƙara wa iska ƙishi? Hasken rana, zafi, bushewar iskar kanta, da ƙarfin kaɗawarta. Wani masani ɗan Ingila, Howard Penman, ya haɗa waɗannan cikin lissafi ɗaya a 1948, kuma har gobe da gyararren lissafinsa ake auna yawan ruwan da gona ke buƙata. A tashoshin auna yanayi ana ajiye wani faffaɗan faranti na ƙarfe, faɗinsa kamar santimita 120, zurfinsa santimita 25, a cika shi da ruwa, kullum safiya a duba nawa ya ragu. Zafi shi ne abin lura a nan: duk ƙarin digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyos yana ba iska damar ɗaukar tururi fiye da da, da kusan kashi 7 cikin ɗari. Ga kuma iskar hunturu da ke fitowa daga hamada a bushe, da rana danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali a marka yakan haura 80. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, kaushi ke fitowa, tafki ke ja da baya ko da ana rawar ɗari.

Akwai wani abu kuma da uwayenmu suka daɗe da sani a aikace. Tashin tururi yana cin zafi mai yawa. Tukunya takan tafasa cikin ɗan lokaci, amma kafin ruwan ya ƙone ƙurmus sai an ci itace ninkin-ba-ninkin, domin zafin da ake buƙata don mayar da ruwa tururi ya ninka na tafasa shi fiye da sau biyar. Randar ƙasa da wannan take sanyaya ruwa: tana tsattsafo kaɗan-kaɗan, iska na kwashewa, tana tafiya da zafin. Da wannan hikimar ce marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To ƙasa ma randa ce. Muddin tana da danshi, rabin zafin rana ko fiye yana ƙarewa ne wajen tayar da tururi, garin ya yi sanyi-sanyi.

Daga nan ne fari ke shigowa, kuma a nan ne lamarin ke da sarƙaƙiya.

A makonnin farko na ɗaukewar ruwa, rabon iska ba ya raguwa, yakan ma ƙaru. Girgije ya janye, rana ta fito sosai, ƙasa na da sauran danshi, tsirrai na da ganye shar. Iska sai ta yi ta zuƙa. Manomin Saminaka ko Giwa ya san wannan: kwana goma ba ruwa a lokacin da masara ke goyo, sai ka ga ganye ya nannaɗe da tsakar rana kamar albasa. Shukar ce ke rufe ƙofofinta don ta tsira da ɗan abin da ya rage, amma rufe ƙofa na nufin ta daina haɗa abinci. Ƙwayar da ba ta cika ba a wannan makon, ba ta cika har girbi.

Idan fari ya zarce, sai saman ƙasa ya bushe ƙaƙas, ciyawa ta mutu, bishiyoyi su karkaɗe ganye. Yanzu tururin da ke tashi daga tudu ya ragu ƙwarai, saboda babu abin da zai tashi. Mai kallo daga nesa zai ce to ai asarar ta tsaya. Ba ta tsaya ba, wuri ta sauya. Zafin ranar da a da yake ƙarewa wajen tayar da tururi, yanzu ba shi da aiki sai gasa ƙasa da dumama iska. Iskar ta ƙara zafi, ta ƙara bushewa, ƙishinta ya ninku, sannan ta kaɗa ta nufi inda ruwa ya rage: dam, kududdufi, fadama, lambun mai noman rani, tankin da aka bari a buɗe. Wani masani ɗan Faransa mai suna Bouchet ya bayyana wannan dangantaka tun 1963, cewa gwargwadon yadda tudu ke kasa ba iska ruwa, gwargwadon yadda buƙatar iskar ke hauhawa. A taƙaice, ranar da dam ya fi kowace rana muhimmanci ga gari, ranar ce iska ta fi matsa masa.

Bari mu sa lissafi a kai, na misali kawai. Ɗauki tafki mai faɗin murabba'in kilomita 5, a ce kullum iska na ɗauke milimita 6 daga fuskarsa, abin da ba baƙo ba ne a ranin arewa. Lita miliyan 30 ke nan a rana. Idan kowane mutum zai wadatu da lita 50, ruwan mutum 600,000 ne ke tashi sama kullum ba tare da an buɗe famfo ko ɗaya ba. Cikin wata shida, fuskar tafkin ta sauka fiye da mita guda. Tafki mai zurfin mita 30 zai jure. Mai zurfin mita 3 ya rasa sulusinsa. Saboda haka siffar ma'ajiyar ruwa ke da muhimmanci: ruwa a faranti da ruwa a tulu ba su ƙarewa rana ɗaya.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne lissafin saura. Kogi da rijiya ba su cin ruwan sama kai tsaye, abin da iska ta rage suke samu. A ce, a misali, an yi ruwa milimita 1,200, iska ta kwashi 900, saura 300 ga kogi da ƙarƙashin ƙasa. Shekara ta gaba damina ta gaza da kashi 15 cikin ɗari, aka samu 1,020. Tsirrai da rana ba su yafe rabonsu ba, sun ɗan rage dai, sun ɗauki 850. Saura 170. Ruwan sama ya ragu da kashi 15, amma ruwan kogi da rijiya ya ragu da fiye da kashi 40. Kamar magidanci ne da aka zabtare wa albashi kaɗan, amma kuɗin haya da na makaranta suna nan daram. Ɗan abin da yake ajiyewa ne zai ɓace gaba ɗaya.

Haka aka gani a Afirka ta Yamma a farin shekarun 1970 da 1980. Ruwan sama ya ragu, amma manyan koguna sun ragu fiye da shi nesa ba kusa ba. A watan Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai, mutane suka taka ƙasan kogin da ƙafa. Tafkin Chadi, wanda a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya rabe gida biyu a 1973, zuwa tsakiyar shekarun 1980 kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da ba. Tafki ne marar zurfi a ƙasar da iska ke ɗauke kusan mita biyu na ruwa a shekara. Da kogunan Shari da Logon suka rage abin da suke kawowa, iska ba ta jira kowa ba. Kakanninmu ma sun ga nasu: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 har yanzu sunanta bai ɓace a bakin tsofaffi ba.

Yanzu mu dawo ga tambayar dattijon, domin amsarta tana ƙarƙashin ƙafarmu. Kaduna a kan tsohon dutse take zaune, irin wanda ya leƙo waje a Kufena ta Zariya da duwatsun Kajuru. Dutsen nan ba ya shan ruwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasarmu yana zaune ne a wuri biyu: cikin rubabben dutse da ƙasar da ta lulluɓe shi, wanda kaurinsa a wurare da yawa 'yan mitoci goma-goma ne kawai, da kuma cikin tsagogin dutsen. Wannan ya bambanta da yankin Chadi ko na Sakkwato, inda akwai shimfiɗun yashi masu kauri da ke riƙe ruwa mai yawa. Mu rumbunmu ƙarami ne, yana cika da wuri, yana ƙarewa da wuri. Shi ya sa mai haƙar burtsatse zai samu ruwa a wannan gida, ya matsa gida uku ya haƙa mita ɗari ya tashi da ƙura.

Kafin ɗigo ɗaya ya kai wannan rumbu, sai ƙasar sama ta ƙoshi. Bayan dogon fari, ƙasa ta bushe har inda saiwar manyan bishiyoyi ke kaiwa. Ruwan farko na damina duk a nan yake tsayawa, tsirrai masu yunwa su zuƙe shi, iska ta karɓa. Sai an yi ruwa a jere, irin na marka mai kwana yana zuba a hankali, kafin ya ratsa ya sauka. Idan aka yi damina biyu masu rauni a jere, ta ukun ko ta yi kyau, cike gurbi take yi. Manomi zai ce fari ya wuce domin gona ta yi kyau. Mai rijiya zai ce bai wuce ba. Dukkansu gaskiya suka faɗa, kowa da agogon da yake dubawa: na sama yana juyawa cikin makonni, na gona cikin watanni, na ƙarƙashin ƙasa cikin shekaru.

Wani lokaci ma bashin ba ya biyuwa da sauƙi. Kudu maso gabashin Ostareliya ta yi fari daga wajen 1997 zuwa 2009. Masu bincike a jami'ar Monash sun bi diddigin yankunan koguna 161 a jihar Biktoriya, suka wallafa sakamakon a 2021: kusan kashi ɗaya cikin uku ba su koma ba da ruwa kamar da ba, shekara bakwai bayan dawowar ruwan sama. Ruwan na sauka, amma kaso mafi girma fiye da da yana komawa sama. Wannan binciken ya girgiza wani tsohon zato, cewa da zarar sama ta saki, komai zai koma yadda yake.

Sai kuma batun katangun da suka faɗi. Yawan ruwa a rana ɗaya ba shi ne yawan ajiya ba. Ƙasar da fari ya kashe wa ciyawa, aka sare mata itatuwa, dabbobi suka tattake, takan yi ɓawo a sama ta zama fako. Ruwa mai ƙarfi ya sauka a kanta, ya gangara da gudu ɗauke da laka. A yankin Sahel an ga wannan bayan farin shekarun 1970 da 1980: wasu ƙoramu suka riƙa kawo ruwa fiye da da duk da ƙarancin ruwan sama, saboda ƙasa ta daina sha. A cikin gari mu da hannunmu muke yin fakon. Kowane gida an malale tsakarsa da siminti ko an shimfiɗa intalok, kowane fili an yanka fuloti, kududdufan da ke tare ruwa an cike su an yi gini. Wanda ya ga ambaliyar kogin Kaduna ta watan Satumbar 2003 ya san irin ruwan da ke iya ratsa garin nan cikin kwana biyu. Duk ya wuce jihar Neja. Ambaliya a Satumba da busasshiyar rijiya a Fabrairu suna iya zama 'ya'yan uwa ɗaya.

Kogin ne ya kawo garin. Ruwansa na daga cikin dalilan da suka sa Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Kogin yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya haɗu da Kwara. Amma duk wanda ya tsaya a kan gada a watan Maris ya ga duwatsun tsakiyar kogi a waje, ya san ruwan rani ba ruwan sama ba ne, tsattsafin ƙasa ne da abin da aka saki daga ajiya. Don haka aka gina dam ɗin Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi cikin shekarun 1970, domin ya tallafa wa kogin da rani, matatun ruwa irin ta Malali su samu abin ja. Zariya na da nata a Galma da Shika. Gurara, da ke cikin jihar nan, har Abuja yake shayarwa. Can ƙasa kuma, a kan kogin Kadunan dai, akwai dam ɗin lantarki na Shiroro mai megawat 600 da aka buɗe a 1990 da na Zungeru mai megawat 700. Idan kogin ya rame, ba famfo kaɗai ke shiru ba, har ƙwan lantarki.

Dukkan waɗannan ma'ajiyoyi suna da abokin gaba na biyu bayan iska, wato laka, kuma su biyun suna taimakon juna. Lakar da ruwa ya kwaso daga fako tana kwanciya a gindin dam, tana mayar da tulu faranti. Fuskar da iska ke lasa tana nan yadda take, cikin ne ke raguwa. Dam ɗin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka gina a 1973, malaman jami'ar da kansu sun yi ta rubutu a kan yadda laka ta cinye masa ciki. A ganina, duk lissafin ruwan sha da aka yi da girman dam na ranar da aka buɗe shi, lissafin dokin rano ne.

Ruwan da ya rage ma ba ya zama yadda yake. Tururi ruwa zalla yake ɗauka, ya bar gishiri da datti a baya. Kwatocin gari da na masana'antu ba su san rani ba, suna zuba yadda suka saba cikin kogin da ba shi da ƙarfin wanke su. Ruwan ya yi ɗumi, gansakuka ta yi yawa, matata ta buƙaci ƙarin alam da kulorin a daidai lokacin da abin tacewar ya yi ƙaranci. Rijiyar da ta kusa ƙafewa kuma takan jawo tsattsafin masai na kusa. Daga nan amai da gudawa ba su da nisa.

Nauyin kuma ba a raba shi daidai. Mai hali zai kira masu injin su ƙara wa burtsatsensa zurfi, ya sa famfo mai ƙarfi, ya cika tankinsa. Ruwan da ya jawo daga tsagin dutse ɗaya yake da na maƙwabta, sai rijiyoyin gargajiya na layin su ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Masu waɗannan rijiyoyi su koma sayen ruwan garuwa, su biya kuɗin lita fiye da wanda mai tankin ke biya. 'Yan mata su makara makaranta saboda layin ruwa. A karkara, makiyayi da mai lambu su haɗu a bakin fadama ɗaya da ta rage da danshi, abin da ke biyo baya kuwa mun sha gani. Wannan ɓangaren ne ya fi ci mini rai, domin ba a rubuta shi a rahoton yanayi.

Ba a hana rana fitowa, amma ana iya rage mata abin da take samu a banza. Manoman citta na Kachiya da Jaba da Kagarko sun riga kowa: da sun shuka sai su lulluɓe gonar da ganye da ciyawa, ƙasa ta yi sanyi, danshi ya zauna. Karan dawa da na masara da muke cinna wa wuta bayan girbi, aikin da zai yi ke nan. Mai lambu da ke malala ruwa da tsakar rana yana shayar da iska ne fiye da tumatir. Ban ruwan asuba ko na yamma, ko ta siririn tiyo mai ɗiga a gindin shuka, ya fi albarka. Tanki da randa a rufe su. Ruwan indararo a tara, abin da ya yi saura a bi da shi ramin tsakuwa ya nutse maimakon a tura shi titi. A bar wa tsakar gida wani yanki ba siminti. Ruwan da ya shiga ƙasa 'yan mitoci ya fi ƙarfin iska, ba kamar na fili ba.

Itatuwa ma sai da lura. Suna karya ƙarfin iska, suna inuwa, saiwarsu na buɗe wa ruwa hanya, ganyensu na hana fako. Amma su ma masu shan ruwa ne. Turare, irin wanda aka dasa da yawa a dajin Afaka, itace ne mai saurin girma mai yawan sha, bai dace a jera shi a bakin fadama ko kusa da idon ruwa ba. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a warwatse cikin gona, yadda kakanni suka bar su, sun fi dacewa da ƙasar.

A matakin gari, darasin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya isa abin tunani. Bayan shekara uku na ƙarancin ruwa daga 2015, a watan Fabrairun 2018 aka taƙaita wa kowa lita 50 a rana, jarka biyu ke nan, har aka sa ranar da za a rufe famfuna. Ranar ba ta zo ba. Abin da ya taimake su shi ne sun san abin da ke cikin kowane dam, suna sanar da jama'a kowane mako, sun rage matsin ruwa a bututu, sun bi fasassun bututu suna toshewa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Mu ba mu rasa masana ba. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando take, cikin garin nan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta daɗe tana rubuta ruwan sama. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, har da wuraren da ake tsoron ɗaukewar ruwa. Abin da nake fata shi ne a riƙa faɗa wa mutanen Kaduna matakin ruwan Kangimi da na Galma a rediyo kamar yadda ake faɗin farashin masara, a auna zurfin lakar da ke cikinsu, a kuma ware rijiyoyin gwaji a unguwanni ana duba hawa da saukar ruwan ƙasa, kafin a ci gaba da huda dutsen ba adadi.

Na koma wurin dattijon bayan 'yan kwanaki da shawara ɗaya. Na ce, "Baba, ranar ɗaya ga kowane wata, da asuba kafin kowa ya ja, a saka igiya har ta taɓa ruwa, a auna da taku ko da kamu, a rubuta." Ya ce jikansa zai riƙa rubutawa a bayan littafin makarantarsa. Ya kuma ce zai gaya wa limamin layin, ko masu rijiyoyin kusa da masallaci za su yi haka, a riƙa kwatantawa. A watan Maris igiyar ta ƙaru da kamu biyu. A Afrilu ta ƙara ɗaya da rabi. An yi ruwan farko cikin watan, ƙura ta kwanta, gari ya yi ƙamshin ƙasa, amma da aka saka igiya ranar ɗaya ga Mayu, ruwan rijiyar bai motsa daga inda yake ba.